Power Pop da Masu Rubuta Labarin Kansu a Kansa: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara rubutu a kan wannan kiɗa, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini, daga abokai da ƙannena har da mutanen da ban taɓa gani ba. Wasu ma'anar sunan suke nema. Wasu kuma mamaki suke yi yadda Bahaushe zai raba dare yana sauraren waƙoƙin da samarin Amurka da Birtaniya suka yi shekara hamsin da suka wuce. Na tattara tambayoyin a nan, na amsa gwargwadon abin da na sani da abin da kunnena ya ji.

Wai mene ne power pop ɗin nan?

Reshe ne na kiɗan rock. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai lantarki ɗaya ko biyu, da jita mai kaurin murya da ake ce wa bes, sai ganguna. Galibi mutum huɗu ne a ƙungiya. Waƙar gajera ce, da wuya ta wuce minti uku da rabi, kuma gaba ɗayanta an gina ta ne domin amshi. Baiti zai ja ka a hankali, amshi ya faɗo, kafin a maimaita shi sau uku bakinka ya fara bi.

Kalmar "pop" zaƙin karin waƙar take nufi, irin wanda ke liƙe wa mutum a kai tun daga ji na farko. "Power" kuwa ƙarfi ne: ana dukan jitar da gaske, ganga na amo kamar za ta fashe. Mu da muka tashi muna jin waƙoƙin da 'yan amshi ke riƙe da su, darajar amshi ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Bambancin shi ne a can makaɗan su ne 'yan amshin, kuma ba murya ɗaya suke bi ba. Wannan ya ɗauki sama, wancan ya tsaya a tsakiya, na uku ya riƙe ƙasa, su haɗu su zama abu guda.

Wa ya raɗa masa sunan?

Pete Townshend, mai jitar ƙungiyar The Who ta Landan. A 1967, lokacin da suke tallar waƙarsu "Pictures of Lily", ya gaya wa ɗan jarida cewa abin da suke kaɗawa power pop ne, ya haɗa da ƙungiyar Small Faces da waƙoƙin farko na Beach Boys a cikin lissafin. Sunan bai kama ba a lokacin. Sai bayan shekara goma marubuta irin su Greg Shaw, mai mujallar Bomp! a Kalifoniya, suka tono shi, musamman a 1978, suka liƙa wa sabbin ƙungiyoyi.

Abin da ya faru a tsakanin shekarun nan goma shi ne asalin labarin. Beatles, shahararriyar ƙungiyar nan ta Birtaniya, sun watse a 1970. Rock ya koma dogayen waƙoƙi, wata minti goma wata ashirin, mai jita ya yi ta nuna gwaninta shi kaɗai. Ita kanta The Who ta bi wannan hanya. Sai aka samu wasu samari da suka ƙi sakin gajeriyar waƙar nan mai amshi da suka ji a rediyo suna yara a 1964 da 1965. Su ne Badfinger da Raspberries da Big Star. Ke nan tun ranar da aka haifi wannan kiɗa da kewa aka haife shi, kewar wani zamani da ya wuce jiya-jiya.

Ta yaya zan gane shi idan na ji?

Ka fara kasa kunne ga jitar. Da yawansu suna son jita mai tsirkiya goma sha biyu, irin ta kamfanin Rickenbacker da George Harrison na Beatles ya fito da ita a 1964, Roger McGuinn na ƙungiyar Byrds ya mayar da ita alamarsa. Tsirkiyoyin bibbiyu ake jera su, a wasu jerin siririya na kusa da mai kauri, don haka duka ɗaya na ba da sauti biyu, sai ka ji kamar ƙararrawa na bin kiɗan. Sannan tafi, sannan muryoyin nan masu hawa kan juna. Kusa da ƙarshe akwai wani ɗan baiti da ke sauya kari gaba ɗaya na ɗan lokaci, domin idan amshi ya dawo ya zo maka sabo.

Amma babbar alamar a wajena ita ce saɓanin da ke tsakanin kiɗan da maganar. Kiɗan na murna ne, kamar na ranar biki. Mai waƙar kuwa yawanci wanda aka bari ne, ko wanda bai samu ba, ko wanda ke tsaye yana jiran a ɗaga masa waya.

Anya na taɓa jin wani abu daga cikinsa kuwa?

Idan ka yi wayo a shekarun 1990, ka ji hannun masu shi ko da ba ka ji shi kansa ba. "Without You" da Mariah Carey ta rera a 1994, Pete Ham da Tom Evans na Badfinger ne suka rubuta ta, ta fito a kundinsu na 1970. "All by Myself" da Celine Dion ta rera a 1996, ta Eric Carmen ce, jagoran Raspberries, ya fitar da ita a 1975 bayan ƙungiyar ta watse. Yadda matan nan biyu suka rera su ba power pop ba ne, waƙoƙi ne masu tafiyar hawainiya. Sai dai gwanintar gina amshin daga gida ɗaya ta fito.

Ta wannan ƙofar na shigo. Yayata tana da kaset ɗin Mariah Carey, kuma ranar Asabar idan tana wanki a tsakar gida takan ɗora rediyon a kan turmin da aka kife, don kada ruwa ya taɓa ta. Batir ya yi sanyi, muryar na jan ƙafa, ita ko a jikinta. Idan rediyon ta cinye zare sai ta kira ni: "Kai, zo da bironka." In zauna a bakin rijiya in naɗe zaren a hankali, ita kuma ta ci gaba da amshin da bakinta, hannunta duk kumfa. Ba ta san ma'anar rabin kalmomin ba, kuma ba ta taɓa kuskuren karin ba. Shekaru da yawa bayan an kai ta ɗakinta a wani gari, na ci karo da "Without You" ta asalin a intanet. Samari ne da jita, muryar na rawa, babu ƙawa ko kaɗan. Na karanta cewa waƙoƙi biyu ne da ba su kammalu ba aka haɗa: Ham ya kawo baitocin, Evans ya kawo amshin. A daren na kira ta. "Yaya, kin san waƙar nan taki ta wanki maza biyu ne suka rubuta ta?" Ta yi dariya, ta ce in kunna mata ta waya. Muka yi shiru har ta ƙare.

To me ya samu Badfinger?

Labari ne mai ɗaci. Asalinsu daga Swansea ne a yankin Wales, da sunan The Iveys. A 1968 kamfanin Apple na Beatles ya ɗauke su, Paul McCartney na Beatles ɗin ya rubuta musu "Come and Get It", George Harrison ya yi musu aikin "Day After Day". Tsakanin 1970 da 1972 waƙoƙinsu sun yi ta hawa jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka da Birtaniya, "No Matter What" na cikinsu, "Baby Blue" kuwa a Amurka ta hau. Harry Nilsson ya kai "Without You" lamba ɗaya a ƙasashen biyu a 1972. A ido, sun gama samun duniya.

Kuɗin ne bai iso hannunsu ba. Sun damƙa harkokinsu ga wani manaja a Amurka, dukiyar ta maƙale a asusun da ba su da iko da shi. A 1974 sabon kamfaninsu, Warner Bros., ya janye kundinsu daga kasuwa makonni kaɗan bayan fitowarsa saboda rigimar kuɗin da suka yi ɓatan dabo. A watan Afrilun 1975 Pete Ham ya kashe kansa, saura kwana uku ya cika shekara 28. A 1983 Tom Evans ma ya bi wannan hanya, ana tsaka da jayayya kan kuɗin waƙar da suka rubuta tare. Duk lokacin da na ji amshin nan a bakin wani, sai na tuna cewa waɗanda suka ƙirƙire shi ba su ci gumin goshinsu ba.

Me ya sa duk mai rubutu a kan wannan kiɗa sai ya ambaci Big Star?

Domin labarinsu ya tattara komai. A Memphis ta jihar Tennessee suka haɗu a 1971: Alex Chilton da Chris Bell da Andy Hummel da Jody Stephens. Chilton ya riga ya ɗanɗana ɗaukaka, don yana ɗan shekara 16 ya rera "The Letter" da ƙungiyar Box Tops, ta kai lamba ɗaya a 1967. Sunan Big Star kuwa daga wani kantin kayan abinci da ke kusa da situdiyon Ardent suka aro shi. Suka sa wa kundin farko suna #1 Record, ya fito a 1972. Masu sharhi suka yaba shi har ba magana.

Sai mutane suka shiga shaguna ba su same shi ba. Kamfanin Stax ne ke da alhakin rarraba shi, kamfanin da ya yi suna da kiɗan soul na baƙaƙen fata irin su Otis Redding, kuma a lokacin shi kansa yana fama da matsalar rarrabawa da ta kuɗi, har ya durƙushe a 1975. Kundi na biyu, Radio City na 1974, shi ma haka ya kwana. Na uku sai 1978 ya ga rana, bayan ƙungiyar ta watse. Chris Bell, wanda ya fice tun bayan kundin farko cikin ɓacin rai, ya koma aiki a gidajen abinci na danginsa, ya rasu a haɗarin mota a watan Disamban 1978 yana da shekara 27.

Daga nan abin ya koma hannu da hannu. Wanda ke da faifan ya naɗa wa aboki a kaset, aboki ya naɗa wa wani. Cikin waɗannan masu karɓar kaset akwai yaran da daga baya suka zama R.E.M. da The Replacements da Teenage Fanclub. The Bangles suka sake rera "September Gurls" ta Big Star a 1986, The Replacements suka yi waƙa sukutum da sunan Alex Chilton a 1987. Da mujallar Rolling Stone ta fitar da jerin kundaye 500 mafiya daraja a 2003, duka ukun na Big Star suna ciki. Chilton ya rayu ya ga wannan, ya rasu a 2010. Bell bai gani ba.

Ke nan babu wanda ya ci riba a cikinsu?

Akwai. "Go All the Way" ta Raspberries, 'yan Cleveland, ta kai lamba biyar a jadawalin mujallar Billboard ta Amurka a 1972. Cheap Trick, 'yan Rockford a jihar Illinois, sai da suka je Japan kafin a san darajarsu a gida. A watan Afrilun 1978 aka naɗi wasansu a zauren Budokan na Tokyo, da niyyar sayarwa a Japan kawai. Amurkawa suka yi ta odar faifan daga waje, dole kamfanin ya fitar da shi a Amurka a 1979. "I Want You to Want Me", wadda ta situdiyo ba ta je ko'ina ba a 1977, ta kai lamba bakwai da ihun 'yan kallon Tokyo a bayanta.

The Knack ta Los Angeles ita ta fi kowa tashe: "My Sharona" ta yi mako shida a lamba ɗaya a 1979, ta zama waƙar shekara a lissafin Billboard. Ba a jima ba aka juya musu baya, ana zarginsu da kwaikwayon Beatles da shigarsu da hoton kundinsu. Kamfanoni sun riga sun ɗebi ƙungiyoyi barkatai masu siririn nakatayel suna neman irin wannan sa'a, da kasuwar ta faɗi suka watsar da su.

Mene ne haɗin wannan kiɗa da maƙalar da mutum ke ba da labarin kansa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Tarihin manyan mawaƙa ana iya rubuta shi da alƙaluma: kwafi miliyan kaza, filin wasa kaza ya cika. Mafi yawan ƙungiyoyin power pop ba su da waɗannan alƙaluman. Shoes, 'yan wani ƙaramin gari Zion a Illinois, a falon gida suka naɗi kundinsu na 1977. The Nerves sun rubuta "Hanging on the Telephone" a 1976, duniya ba ta ji ta ba sai da Blondie suka rera ta a 1978. Idan ka nemi inda waƙoƙin irin waɗannan mutane suka rayu, ba za ka same shi a jadawali ba. A ɗakin wani yaro suka rayu, a motar wani uba, a kaset ɗin da wata ta ba wani ranar da za su rabu. Wanda ya san wannan wuri shi ne wanda ya zauna a cikinsa, don haka shi ya kamata ya ba da shaida.

Akwai dalili na biyu. Waƙar minti uku ba ta da filin ba da cikakken labari. Takan ce "ke" da "ni", ta ambaci wata ko titi, ta tsaya. Gurbin da ta bari mai saurare ne ke cike shi da fuskar da ya sani. Shi ya sa mutum goma za su rubuta a kan waƙa ɗaya a samu labari goma, kuma babu wanda ya yi ƙarya. A 2019 Paul Myers da S. W. Lauden sun tattara irin waɗannan maƙaloli na marubuta da mawaƙa a littafi guda, suka ara masa sunan waƙar Raspberries ɗin nan, bayan shekara biyu suka ƙara na biyu.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan wasu masu irin wannan rubutu. Sukan mayar da rashin sa'ar mawaƙan abin ado, kamar talaucinsu ne ya sa waƙar ta yi daɗi. Mutanen nan ba su nemi a manta da su ba. Wanda ya sa wa kundinsa na farko "lamba ɗaya" so yake a ji shi a kowace rediyo.

Turancina bai yi ƙarfi ba. Zan ji daɗinsa?

Ƙwarai kuwa. Iyayenmu sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya ba tare da sun iya Indiyanci ba, kuma sun san wadda ta baƙin ciki ce tun kafin jarumar ta fara hawaye. Kalmomin power pop ma ba su da zurfin da zai wahalar da kai. Ka bi kari tukuna, ma'ana ta biyo baya.

Maganganun cikin waƙoƙin fa, suna da tsafta? Kuma ina mata?

Ba duka ba, gaskiya ɗaya ce. Wasu na begen yarinta ne zalla, irin "Thirteen" ta Big Star, inda yaro ke roƙon ya raka yarinya gida daga makaranta. Wasu kuwa sha'awa ce a fili, kuma "My Sharona" na cikin waɗanda ba zan kunna a gaban yara ko manya ba. Kowa ya tace da kansa.

Batun mata kuma suka ce mai tushe. A yawancin waƙoƙin mace suna ce kawai da ake kira, ba a jin ta bakinta. Amma matan sun karɓi jitar. The Go-Go's sun kai kundinsu na farko lamba ɗaya a Amurka a 1982, kuma su ne ƙungiyar mata zalla ta farko da ta yi haka da waƙoƙin da suka rubuta suka kaɗa da hannunsu.

Ya mutu ne yanzu?

Bai mutu ba, yakan kwanta ya tashi. A 1991 Matthew Sweet ya fitar da Girlfriend, Teenage Fanclub na Scotland suka fitar da Bandwagonesque, wanda mujallar Spin ta zaɓa kundin shekara a gaban Nevermind na Nirvana. Weezer suka biyo a 1994. Adam Schlesinger na Fountains of Wayne, wanda cutar korona ta yi ajalinsa a 2020, yana cikin gwanayen amshi na zamaninsa. Tun 1998 ake bikin International Pop Overthrow, wanda aka fara a Los Angeles. Ita kuwa "Baby Blue" ta Badfinger ta dawo kunnen miliyoyin mutane a 2013, da aka rufe shirin talabijin na Breaking Bad da ita.

Ina so in rubuta tawa maƙalar. Ta ina zan fara?

Ka zaɓi waƙa ɗaya, kada ka ɗauki ƙungiya gaba ɗaya. Ka tuna inda kake ranar da ta kama ka, da wanda ke kusa da kai, da abin da ke hannunka. Ka binciki shekara da sunan marubucin sosai, domin hakkinsa ne, kuma ka ga yadda aka ci hakkin wasunsu. Kada ka kwafo baitocin ka cika shafi da su. Ka faɗi abin da kunnenka ya ji da kalmominka, ko da ba ka san sunayen da masana kiɗa ke ba abubuwan ba. Kuma ka rubuta da Hausa, don labarin naka da Hausa ya faru.

Ga yadda tawa ta fara. Ina cikin motar haya daga Kano zuwa Zariya da hunturu, bayan na je neman wani aiki an ce a dawo wata shekara. Mu huɗu a baya, gilashi ɗaya ba ya rufuwa, ƙura na shigowa. Abin sauraren kunnena ɓangare ɗaya ne ke aiki. Wajen Kwanar Dangora "September Gurls" ta shigo, karo na farko a rayuwata. Jitar ta buɗe kamar an zubo ƙananan ƙararrawa a faranti, muryar Chilton ta biyo siririya, ba kuka yake ba amma kana jin ya kusa. Ba ta kai minti uku ba ta ƙare. Na mayar da ita, na sake mayarwa. Dattijon da ke gefena ya taɓa ni ya ce, "Samari, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya miƙo mini ɓarin goro, na karɓa da hannu biyu, na sa waƙar a karo na huɗu.